Zayyanar da Na Tsinta a Tashar Goronyo

Ba zan taɓa mantawa da walimar saukar Altine a Rara ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni ita.

Shekara talatin na yi ina zayyanar allunan sauka a Wurno. Duk wanda ya ɗaga allona sai ya ce, "Allahu akbar, hannun marigayi Malam Buhari sak!" Malam Buhari shi ne malamina, kuma yabo ne suke yi, amma ni a zuciyata zafi nake ji. (Na karantar da babin riya ya fi a ƙirga, sai dai ban taɓa zaton da ni ake ba.) Burina a wayi gari a ce wannan hannun nawa ne. Na gwada kwaikwayon saƙar tabarma, na gwada adon ƙwarya, ko wace hanya na bi sai ta mayar da ni gidan Malam.

Wata rana a tashar motar Goronyo na hangi wasu 'yan takardu uku masu kauri a ƙasa. Tun muna yara aka hore mu da ɗauke takarda daga turɓaya, kada a taka sunan Allah. Da na kakkaɓe su sai na ga abin mamaki: ɗaya da jajayen siffofi masu kusurwa huɗu, ɗaya da baƙin ganye mai kai uku, ɗaya kamar kan mashi, an jera su daidai ba karkata. Na ce lalle buɗi ya zo. Na ɓoye su cikin littafin fiƙihu, ban nuna wa kowa ba don kada a riga ni.

A lokacin ne Altine, wani manomin albasa da ya shiga makarantar allo da furfurarsa, ya aiko a yi masa allon sauka. Kwana ashirin na yi ina kewaye Fatiha da sababbin siffofina, ja da baƙi.

Ranar walima, gaban Liman da dattawan gari, na yaye mayafin allon da hannuna, na gyara rawani ina jiran kabbara. Sai wuri ya yi tsit. Wannan ya dubi ƙasa, wancan ya shiga neman carbinsa. Ni kuwa na ɗauka kwarjinin aikin ne.

Altine ya karɓi allon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mi niy yi maka? Shekara sha biyu ke nan da nit tuba da abin ga. Gonata guda ta tahi cikinai. Na gudo wurin Alƙur'ani, shi na kab biyo ni da shi har bakin Fatiha?"

Na ce, "Wane abu, Altine?"

Ya ce, "Karta, Malam! Karta ta!"

Na ji rawanina ya yi mini nauyi kamar an ɗora buhun gero. Liman, Allah ya saka masa, ya yunƙura don ya fitar da ni kunya. Ya ce, "Ku yi mai uzuri, jama'a, bai san ta ba. Da ya san ta ai da ya cika ta huɗu. Ba ku ga babu jar nan mai kamar zuciya ba?"

Nan take idanu suka bar kaina suka koma kansa. Altine ya ce a hankali, "Ashe Liman ma an taɓa zama?" Dattawan da suka yi shiru ɗazu suka fashe da dariya, ko wanne yana tona kansa bai sani ba.

Na wanke allon, na sake yin zayyanar Malam Buhari, kuma da aka ce hannun marigayi ne sak, na amsa da amin har cikin zuciyata. Har yau ina ɗauke takarda daga ƙasa, domin horon na gari ne. Sai dai kafin ta shiga littafina, nakan fara kai wa Liman ya duba mini, tunda ya tabbata a wannan fannin ya fi ni karatu.