Ranar Da Na Kai Tseren Ƙanƙara Falon Surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai tseren ƙanƙara Argungu, garin da ko ƙanƙarar jefawa a zoɓo sai an yi sa'ar wuta ake samunta. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ina aiki ne a wani ofishin noman rani a Birnin Kebbi. Wata shekara aka tura ni da abokin aikina Bashar wani ɗan gajeren kwas a ƙasar Holan, mu koyo yadda suke sarrafa ruwa da magudanai. Muka faɗa tsakiyar hunturunsu. Sanyi ya hana mu yawo, in an tashi daga aji sai mu ƙule gaban talabijin. Ita kuwa ba ta da aiki sai nuna wasu zaratan maza cikin matsattsun kaya, sun duƙa, hannuwa a baya, suna zamiya a kan ƙanƙara da takalmi mai wuƙa a ƙasa. Ashe lokacin gasar wasannin hunturu ta duniya ne. Bashar ya ce aikin banza, ya ja bargo. Ni kuwa abin ya shiga raina, na bi tarihinsa a waya har na fi sanin tseren dogon zango na maza da abin da aka tura ni koyo.

Sau ɗaya tak na taka ƙanƙarar da ƙafata. (Wannan ɓangaren ba na cika ba da shi ba.) Wata 'yar kujera suka ba ni in riƙa turawa, ina tafe ina salati, wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta zagaye ni sau ba adadi, kowane zagaye sai ta ɗaga mini hannu, Bashar na gefe yana kallo.

Da muka dawo, majalisarmu ta unguwar Gesse ta shiga uku. Ko zancen tsadar taki ake yi, sai na san yadda na karkato shi zuwa "ai a can Holan". Har ta kai in na doso benci sai kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

A lokacin ina neman auren Asma'u, 'yar Argungu. Aka sa bikin yayanta, kuma ranar ce zan fara zama gaban mahaifinta, Alhaji Umaru, manomin shinkafa da albasa wanda ya yi ƙuruciyarsa a sana'ar kamun kifi. Tun a waya ta ja mini kunne: "Don Allah ka kama bakinka gaban Baba. Ba ya son mai surutu." Na ce ta kwantar da hankalinta. Na sha babbar riga mai sitaci, na kuma zura safar ulu da na sayo a Holan, cikin zafin Argungu, don dai in an cire takalma a san an yi tafiya. Bashar ya raka ni.

Bayan ɗaurin aure aka shigar da mu babban falo. Dattawa na zaune a kan darduma jikin bango, tsakiya kuwa tayil ne yana ta ƙyalli. Aka jera tuwon shinkafa da masa da fura, sannan aka dire wata ƙatuwar roba ta farfesun giwan ruwa gaban Alhaji da liman. Na durƙusa na yi gaisuwa, na koma gefe na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Da haka aka tashi, da na tsira.

Sai ƙanen Alhaji, Kawu Labbo na Gulma, ya dube ni. "An ce ka tai ƙasar Turawa. Mi kag gano muna?"

Wallahi na yi niyyar in ce magudanai. Bakina ne ya ce, "Tseren ƙanƙara, Kawu."

Shi ke nan, famfo ya ɓalle. Na ba su labarin yadda ruwan magudanai ke daskarewa a can har manoma su bi ta kai zuwa kasuwa, da yadda abin ya zama gasa. Na ce a da a fili ake yi, iska na dukan mutum, dusar ƙanƙara na rufe masa ido, kuma mutanen Norwe ne suka daɗe suna cin karensu ba babbaka kafin 'yan Holan su karɓe ragama. Na ce daga baya aka mai da shi cikin rufaffen ɗaki, aka ƙirƙiro takalmin da wuƙarsa ke ɗagawa daga dunduniya tana ƙas-ƙas. Na ce mafi tsawonsa mita dubu goma ne, mutum biyu-biyu ake saki, suna musayar layi, kuma da agogo suke tsere ba da juna ba. Bashar na ta zungurina da gwiwa, ni kuwa na ɗauka jinjina ce.

"Kai ka yi wanga gudu?" in ji Kawu Labbo.

"Ai Kawu, kusan kullum." Bashar ya ƙware da fura.

Alhaji Umaru ya ajiye cokalinsa. "Ɗana, in ruwan ya daskare haka, kihin hwa? Ina shika zuwa?"

Ni da aka tura karatun ruwa, ban taɓa tunanin kifin ba. Mai hankali cewa zai yi bai sani ba. Ni kuwa sai na miƙe na ce, "Baba, bari dai in gwada muku yadda ake tsayuwar."

Na fita tsakiyar tayil, na duƙa, na harɗe hannuwa a baya. Na tura ƙafar hagu, safa ta tafi sumul. Na tura ta dama, ta tafi. Kai, har na ji wani yana cewa "Ikon Allah!" Wannan ne ya kashe ni. Na ƙara ƙarfi, ban san man masa ya ɗiga a wurin ba. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta taka bakin babbar riga, hannuwan da zan kare kaina da su kuma suna baya, inda tarihi ya ce a ajiye su. Na tafi a kan ciki kamar kwalekwalen da ya tsinke, ban tsaya ko'ina ba sai cikin robar farfesu. Romo ya wanke liman har gemu. Kan giwan ruwa ya dira a cinyar Alhaji. Hulata ta gangara ƙofa, daidai inda mata suka taru suna leƙe, Asma'u a gaba.

Sai muryar Bashar, abokin arziki: "Ko a can haka ya ƙare. Sai dai can da kujera a hannunsa."

Alhaji ya ɗauke kan kifin a natse, ya mai da shi roba, ya dube ni ina kwance a gabansa. "Ɗana, wagga hwaɗuwa cikin tarihin take, ko kai kaƙ ƙara ta?"

Falo ya tarwatse da dariya, har liman yana share gemu yana tari. Aka ara mini rigar Alhaji wadda da kyar ta rufe mini gwiwa, na tuƙo mota zuwa Birnin Kebbi ina ƙarnin kifi. Asma'u ta ƙi ɗaukar wayata. Na haƙiƙance aure ya bi ruwa, na daina fita majalisa, don labarin ya riga ni isowa Gesse.

Ana nan sai ga Kawu Labbo har ofis. Na tashi na ba shi kujera. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce, "Alhaji ya ce ka turo magabatanka. Ya ce mai ƙaryar da ka hwaɗuwa nan take ya hi mai wadda ka daɗewa tsaye. Amma ya ce ran biki ka zo ba safa."

Yanzu 'ya'yanmu biyu da Asma'u, kuma duk dangin Argungu da Gulma ba mai kirana da sunan yanka, sai Sarkin Zamiya. Abin da na koya dai shi ne, tarihi da baki ake ba da shi, a zaune. Duk ranar da ka ji ƙafarka na son sa baki a zancen, ka danne ta.