Gida Mai Lamba Arba'in da Takwas

Wani mutum ne a garin Tudun Gwanda ana ce masa Haladu Kwamiti. Kwamitin nan ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani ɗan kwangila ya taɓa aikensa ma'aikatar ayyuka ta jiha ya kai ambulan. Ya zauna a benci awa huɗu, masinja ya fito ya karɓi ambulan ɗin, ya ce masa ya gaida gida. Iyakar aikinsa da gwamnati ke nan. Amma tun daga ranar, in ka ji Haladu yana zuba a teburin Sallau mai shayi, sai ka rantse ba a taɓa shimfiɗa kwalta ko taku ɗaya a jihar ba sai da ya sa hannu.

"Mu a kwamiti," haka yake buɗe kowace magana. In an ce gada ta karye a wani gari, sai ya girgiza kai ya ce ya gaya musu tun a zaman farko. In an ce an buɗe sabon titi, sai ya ce ai saura kaɗan ya hana, roƙonsa aka yi. Sallau kuwa ba ya musu da mai sayen shayi. Sai dai ya ƙara masa sukari ya ce, "Allah ya bar mana kai, Kwamiti."

Ana nan sai gwamnati ta amince da babban titin da zai ratsa Tudun Gwanda. Aka kafa ƙaton allo a bakin gari, an rubuta tsawon titin, da sunan kamfani, da sunan shugaban kwamitin sa ido: Injiniya A. Garba. Haladu ya tsaya gaban allon ya goya hannu a baya kamar mai duba gonarsa.

"Garba suka ba? To, madalla. Yaron kirki ne. Kwano ɗaya muke ci in na shiga birni."

Bayan mako biyu masu awo suka iso da na'urarsu mai ƙafa uku. Suka leƙa, suka ja igiya, suka kafa turaku. Duk gidan da titi zai ci sai su zana masa jan gicciye a katanga, su rubuta lamba a ƙasa. Suka bi layin su Haladu gida gida har suka zo na maƙwabcinsa Malam Isiyaku, suka rubuta arba'in da bakwai. Daga nan titin ya yi kwana ya nufi kasuwa. Gidan Haladu, wanda ke bayan na Isiyaku, ko kallonsa ba su yi ba.

Unguwa ta cika da jimami, shi kuwa bakinsa har kunne. Gida ne na gado, ginin siminti, ɗaki huɗu da zauren da mahaifinsa ya gina da hannunsa. Ya zo teburin shayi ya harɗe.

"Ni na ce a yi kwanar nan. Na sa yatsa a taswira na ce, nan gidana ne, a kauce. Garba ya ce an gama."

Da maganar ta tsaya nan da Haladu ya ci riba. Sai aka fara biyan diyya.

Malam Isiyaku, wanda gidansa ɗaki biyu ne na ƙasa da katangar da akuya ke tsallakewa ba tare da ta ɗaga kai ba, wayarsa ta yi ƙarar shigowar kuɗi ranar wata Litinin. Kafin Alhamis ya sayi fili a sabuwar unguwa, ya sayi babur, ya ɗinka shadda. Mutumin da a da shayi ba madara yake sha, yanzu ya zauna ya ce a soya masa ƙwai uku. Haladu yana gefe yana kallon ƙwan nan, abin yana cinsa a rai. Hassada ce tsagwaronta, ba wani suna da za a ba ta.

Sallau yana juya ƙwai, bai ko ɗago ba, ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, Kwamiti, kai da ke da yatsa a taswira, sai ka tura arziki gidan maƙwabci ka kauce?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Haladu ya kurɓi shayi ya ƙona harshe.

"Wa ya ce na kauce? Namu na manya a jeri na biyu yake. Ku zuba ido."

Suka zuba ido kuwa. Shi ma ya zuba, don bai san inda jeri na biyun zai fito ba.

Ga yadda aikin yake a gaskiya. Masu awo su auna gida, su rubuta lambarsa da sunan mai shi a fayil, fayil ya tafi birni a tantance, a sa hannu, a rufe. Masu biya fayil suke bi. Jan gicciyen katanga na direban katafila ne kawai, don ya san inda zai sa ƙarfe. Haladu bai san wannan ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. A lissafinsa, gicciye shi ne kuɗi. Wanda ke da shi a katanga wayarsa ta yi ƙara, wanda ba shi da shi ya sha shayi ba madara.

Sai ya hau mota ya tafi wani gari, inda ba a san shi ba, ya sayo gwangwanin jan fenti da burushi. Ranar Juma'a ya kwanta ya ce cikinsa na murɗa. Maza na wucewa masallaci, layi ya yi tsit, ya fito sanɗa. Shaf, shaf, ya zana gicciye wanda ya fi na kowa girma. Ya leƙa katangar Isiyaku, arba'in da bakwai. To me ke bin arba'in da bakwai? Ya rubuta arba'in da takwas, har da ɗan ado a wutsiyar lambar.

Aka sauko daga masallaci aka tarar da fenti yana ɗiga. Sallau ya tsaya, ya sa yatsa ya taɓa, ya duba yatsan.

"Ikon Allah. Su ma'aikatan nan ba sa zuwa Juma'a ne?"

"Aikin gaggawa ne," in ji Haladu. "Daga sama aka bugo."

Matarsa Ladidi ita ce ba ta yi dariya ba. Ta ga jan abu a ƙarƙashin farcensa, ta kuma ga gwangwani a bayan randa. Da aka sanar katafila za ta zo ranar Talata, ya ce ta haɗa kaya su koma gidan wanta na ɗan lokaci, sai ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, kowa sai da kuɗinsa suka shigo ya kwashe kaya. Mu ina namu?"

"Na manya daga baya ake biya. A dunƙule."

"Gidan Baba ne fa. Ba mu da wani."

"Ke dai haɗa kaya. Bene za ki hau bana."

Ta haɗa kayan, tana haɗawa tana share ido. Ta san in Haladu ya hau magana ba ya saukowa sai ya faɗo.

Talata da hantsi katafila ta shigo gari tana gurnani, jama'a na biye. Direbanta wani dogo ne mai suna Mamuda, mutum marar yawan magana. Ya bi layi yana kwantar da gidaje. Ya zo na Isiyaku, ya ɗan taɓa shi kawai, rugum, gida ya zauna. Sai ya karya kan katafila ya nufi kasuwa yana bin turaku.

Haladu ya sha gabansa yana ɗaga hannu.

"Kai, direba. Ka tsallake ɗaya."

Mamuda ya rage wuta, ya leƙo. Ya dubi gidan, ya dubi turakun.

"Baba, gidan nan ba ya kan layi."

"Ba ka ga alama ba?"

"Na gani. Amma fentin ma ba irin namu ba ne. Namu ba ya ƙyalli."

"Na manya ne."

"To, Baba, gobe kwamitin sa ido za su zo zagaye. A bari su gani, in sun ce a rushe, minti goma ne."

Nan Haladu ya shiga lissafi. In kwamiti suka tarar da gida a tsaye, za su ja igiya, asiri ya tonu. In kuwa suka tarar da tarin ƙasa, ai katafilar gwamnati ce ta rushe, dole gwamnati ta biya. Haka ya lissafa a tsaye, cikin rana, gumi na bin bayansa. Yana cikin lissafin sai ya ji muryar Sallau daga cikin taro, a hankali, kamar mai yi wa kansa magana.

"Ashe ita katafila ba ta san Kwamiti ba."

Shi ke nan, an gama da shi. Haladu ya gyara hula ya matso.

"Ka san da wa kake magana? Ni na zana titin nan. In ba ka rushe gidan nan yanzu ba, kafin la'asar Garba ya karɓe makullin motar nan."

Mamuda bai yi fushi ba. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya saita ta.

"Baba, don Allah maimaita, saboda ogana."

Da mai hankali ne, yana ganin waya sai ya ja baya. Haladu gyara tsayuwa ya yi, ya karkata kafaɗa ta ɓangaren da ya fi kyau a hoto. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce gidansa ne, shi ya ba da umarni, a rushe.

Minti goma sha ɗaya aka yi. Da ƙarfe ya kama zauren mahaifinsa, ƙaƙaƙas, rufin ya rufta, Haladu ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙirji. Ya so ya ce a tsaya. Amma idon gari na kansa, sai ya yi murmushi ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Washegari ya sa babbar rigarsa ya zo ya zauna kan kujerar roba a gaban tarin ƙasa. Wajen ƙarfe goma motoci biyu farare suka tsaya. Mutane suka firfito da fayil-fayil. Haladu ya hango wani mai tumbi da tabarau, ya tashi da sauri ya buɗe hannuwa.

"Garba nawa. Ka ga yadda ka ƙara ƙiba?"

Mutumin ya ja da baya. "Ni akawu ne, Alhaji. Ga Injiniya can."

Wata mace ce 'yar siririya, ta ɗora hular kwano a kan hijabi, takalminta duk laka. Ta matso tana duba takarda.

"Asabe Garba. Sannu, Malam. Mun san juna ne?"

Bayan Haladu wani ya yi tari, wani ya shaƙe. Sallau dai kallon sama yake kamar mai neman hadari.

"A'a, wato, ranki ya daɗe, a wajen aiki ne, da daɗewa."

"To." Ta dubi tarin ƙasar. "Wannan fa? Ba na ganin gini a nan a taswirata."

"Gidana ne, Hajiya. Lamba arba'in da takwas. Diyyar ce ta ɗan yi jinkiri, na ce bari in tuna muku."

Ta sake duba taswira. Ta sa aka ja igiya daga turken ƙarshe zuwa inda ƙofar zaure take a da. Mita talatin da biyu. Ta sa aka sake ja, ko an yi kuskure. Mita talatin da biyu. Aka ɗago wani ɓaren katanga mai rabin gicciye, ta kankare fentin da farce, ta shinshina, ta ajiye. Aka kira Mamuda, ya miƙa waya. Gari guda ya yi shiru ana sauraron muryar Haladu tana faɗin sunansa da na mahaifinsa. Injiniya ta kalla har ƙarshe, ta mayar da wayar, ta ce hoton ya fito da kyau.

Sannan ta karɓi fayil daga hannun akawu ta shiga buɗawa. Ta sa yatsa tana bi.

"Arba'in da shida. Arba'in da bakwai, Malam Isiyaku, an biya. Arba'in da takwas." Ta tsaya. "Malam, ka ce naka ne arba'in da takwas?"

"Nawa ne." Muryar ta fito siririya.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To, arba'in da takwas a nan banɗakin kasuwa ne. Masai mai rami uku, na ƙaramar hukuma. An tantance shi, an sa hannu, an rushe shi jiya da azahar."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Irin shirun nan ne da jama'a ke yi in suna tara numfashi. Haladu ya dubi tarin ƙasa, ya dubi Ladidi da ke tsaye can gefe da mayafi a baki. Ya matso kusa da Injiniya ya rage murya har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ba yadda za a yi a buɗe fayil ɗin a ɗan saka ni?"

"An rufe shi wata uku da suka wuce, Malam. Ko ni ba ni da ikon ƙara waƙafi. Sai dai in yi maka jaje, kuma ina yi."

Ta juya za ta shiga mota. Akawu ya biyo ta da biro a hannu, fuskarsa a murtuke, mutum ne mai son aikinsa ya fita daidai.

"Hajiya, to me zan rubuta a rahoto?"

Ta ɗan yi tunani, ta gyara hular kwano.

"Rubuta: lamba arba'in da takwas, masai, an rushe shi sau biyu. Na farkon da izinin mai shi."