Rasuwar Tafagge, Lasifikar Malam Hambali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro da ya koma dogaro da ƙarfin kansa, Malam Hambali mai shela na Rijiyar Lemo yana sanar da mutanen Fagge da Sabon Gari rasuwar lasifikarsa, wadda aka fi sani da Tafagge. Ta rasu ranar Asabar bayan la'asar, a bakin aiki, da alkawari a bakinta.

Mahaifin Malam Hambali ne ya sayo marigayiyar ta hannu a Sabon Gari, tun mazaɓar nan tana da tsohon sunanta, kafin a zauna a ofis a ja mata sabon layi. Ta ga zaɓen ƙato-bayan-ƙato, lokacin da mutum zai tsaya a bayan hoton ɗan takararsa, surukinsa na ɗaya layin yana harararsa. Da sojoji suka rufe siyasa ba ta yi zaman banza ba. Ta yi tallan maganin basir a Bata, ta yi cigiyar akuya, kuma Malam Hambali ya shaida cewa a shekarun nan ne ta fi faɗin gaskiya, domin akuyar dai ta ɓata ɗin. Daga baya ta ga dangwale, har ta ga na'urar nan mai ƙin gane yatsan tsofaffi.

Baiwar Allah ce marar ƙabilanci. Da safe ta yi Hausa a Fagge, da yamma ta yi broka a Sabon Gari. Ba ta taɓa sauya jam'iyya da ƙafarta ba, ɗaukarta ake yi. Duk wanda aka haifa a unguwannin nan ya san sallamarta: "Fiiii! Gwaji, gwaji! Jama'a ana ji na?"

Aibunta ɗaya, kuma za a faɗe shi, don mutuwa ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Duk abin da aka sa mata a baki sai ta ɗaga. Akwai babbar kwata a bayan layin su Malam Hambali, wadda ke shiga ɗakunan mutane duk damina ba sallama. Ba a yi zaɓen da Tafagge ba ta gyara kwatar nan da baki ba. Ta gyara ta da sunan wani Alhaji mai turare, ya ci, ya tafi majalisa, aka daina jin ko ƙamshinsa. Ta gyara ta da sunan wani lauya, shi ma ya ci, ya dawo yana tambayar wace kwata. Cikin 'yan takarar, Ambrose mai kayan gini ne kaɗai ya jibge siminti a bakin kwatar, kuma da ya faɗi zaɓe ya aiko mota ta kwashe abinsa.

Su duka sun wuce, amma muryar da jama'a suka riƙe ta Malam Hambali ce. Mutumin da ke tsare yara a zaure yana yi musu faɗa a kan ƙarya, shi ne yaran suka raɗa wa Malam Za-a-gyara. Uwargidansa Gumsu ta daina zuwa biki a unguwa, saboda kafin ta zauna mata sun fara tambayarta ko maigidan ya sa ranar gyaran.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Tun bara take tari idan aka zo kan kalmar "alkawari". Ranar Asabar aka ɗaure ta a saman adaidaita sahu don yi wa sabon ɗan takara, Abdulnasir, shela. An yi ruwa, kwata ta cika ta shafe hanya, taya ta zurma, igiya ta tsinke. Kalamanta na ƙarshe, da mutanen layi suka ji da kunnensu, su ne: "Wannan kwata za a gya…" sai "ɓulɓulɓul."

An garzaya da ita wurin Ebuka mai gyara a Sabon Gari. Ya buɗe cikinta ya fito da ledar ruwa da ƙashin kifi, ya daɗe yana kallonta, sannan ya cire hularsa. Ya ce wa Malam ya yi haƙuri, wannan ta sha abin da ta daɗe tana talla.

Ta bar batir ɗaya mai fama da tsufa, da makirufo da yanzu ba ta da mai jin ta, da Malam Hambali wanda ba shi da wata sana'a sai ita. Ta kuma bar kwata, cikin ƙoshin lafiya.

Washegarin rasuwar, Abdulnasir ya aiko da sabuwar lasifika a kwali, da saƙon a ci gaba daga inda aka tsaya. Malam Hambali ya san gidansa na bukatar cefane, Gumsu ma ta tuna masa. Kwalin yana zaure, ba a yanke salatif ɗinsa ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, kuma Malam Hambali yana cikin hankalinsa. Ana gargaɗin 'yan jari-bola da su daina leƙen zaure. Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi mai zuwa a bakin kwatar, daga hantsi, mutanen Sabon Gari su iso bayan coci. Ba a bukatar ambulan ɗin kuɗi, ba a bukatar fastar ɗan takara. Kowa ya zo da shebur, ya naɗe wando. Ranar da ruwa ya wuce ta kwatar nan bai tsaya ba, ranar za a buɗe kwali.

Ana gayyatar duk wanda marigayiyar ta taɓa yi wa shela, wanda ya ci da wanda ya faɗi. Wanda kuma ya zo da alkawari kawai, to ya tsaya a bakin kwatar ya faɗa da maƙogwaronsa, a gaban masu shebur. Mai ɗaga masa murya ta riga ta tafi.