Ranar da Na Kai wa Yayana Masu Ta'aziyyarsa

Abubuwa da yawa na zamanin da na yi a masaƙa sun zube min, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe yayana da bakina ba, na kuma ciko bas da mutane na kai su gida su yi mana ta'aziyya. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, ga dariya ga kewa.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. Ina saurayi, ina aikin injin saƙa a wata masaƙa a Sharaɗa, muna zaune a Ɗorayi ni da Inna. Mu biyu ta haifa, Yaya Habu da ni. Tun da mahaifinmu ya rasu Yaya ya zame min uba. Shi ya koya min keke, shi ya samo min aikin, kuma kwano ɗaya muke ci, ya riƙa turo min nama gabana wai shi haƙorinsa na ciwo. Sai ya samu gurbin karatu a wata ƙasar Larabawa. Ranar da zai tafi ya miƙo min rediyonsa, wani baƙi mai doguwar eriya da rigar fata, ya ce, "Auta, riƙe wannan. In ka yi kewata ka kunna, ka ji duniyar da na shiga."

Da ya san abin da zan yi da shi, da buta ya bar min.

Bai daɗe da tafiya ba yaƙi ya ɓarke a ƙasar, saƙonsa ya ɗauke ɗif. Daga nan ni da rediyon nan muka zama kamar miya da gishiri. Da asuba ina kama wata tasha ta ƙasashen waje, kafin ta rufe na murɗa zuwa wata, ita ma kafin ta yi sallama na koma ta uku. Labari ɗaya ne suke maimaitawa, amma ni a lissafina hari uku aka kai (ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau). Abinci ya daina wucewa. Wandona ya fara zamewa, na huda wa bel sabon rami da ƙusa. Na daina zuwa ƙwallo, na daina zaman dara a bakin titi. In na tsaya gaban inji, ƙarar nan da na saba da ita sai ta koma min ta bindigogi, zare ya tsinke ina kallo ban gan shi ba.

Inna kuwa tana da hawan jini, don haka ba na faɗa mata komai, sai dai fuskata ta faɗa. Wata rana ta dubi tuwon da na bari ta ce, "Kai wai akwatin nan uwarka ce? Ɗana yana hannun Allah, kai kuma kana hannun batir." Na ce a raina tsohuwa ba ta san duniya ba.

Sai ranar da abin ya faru. Aikin safe muka yi, jiniyar tashi ta busa bayan azahar, muka fito bakin ƙofa muna kakkaɓe auduga daga gashi, bas ɗin kamfani na jiranmu. Ni kuwa tuni na zaro eriya. Mai labarai ya ce an yi ruwan wuta a babban birnin, a unguwar da ɗaliban ƙasashen waje suke zama, kuma ana fargabar mutane da yawa sun mutu. Bai ambaci sunan kowa ba. Bai ma ce akwai 'yan ƙasarmu ba. Ni na ƙarasa masa sauran. Na zube a ƙasa na ɗora hannu a ka, na kwarara salati, na ce, "Shi ke nan, Yaya ya tafi! An kashe min Yaya!"

To, a masaƙarmu akwai wata al'ada. Yawancinmu baƙi ne, wasu daga ƙauyukan Kano, wasu daga wajen Haɗeja da Gumel, wasu daga Nijar, ba mai dangi a kusa. Saboda haka in aka yi wa mutum rashi, bas ba ya sauke kowa a unguwarsa sai an fara zuwa gidan rasuwa gaba ɗaya. Fomanmu, Malam Garba, dattijo mai farin gemu, shi ke kula da wannan, kuma ba ya wasa. Kafin na share hawaye ya sa an naɗo tabarmin masallacin kamfani an ɗora a mota, ya kama kafaɗata ya ce, "Tashi, yaro. Sai haƙuri. Yau mu ne danginka."

A cikin motar ne hankalina ya fara dawowa. Muna wuce masu rake da masu gyaran keke, wata 'yar murya tana ce min: wai wa ya ce maka Yaya na ciki? Na buɗe baki zan ce a dakata, sai na ga wani ɗan Nijar da ko gaisawa ba ma cika yi ba yana share hawaye da hularsa saboda ni. Wani ya bar min kujerar taga. Wani ya saya min ruwan sanyi. Ta ina zan fara? (Kuma in faɗa muku gaskiya, tun tafiyar Yaya ba wanda ya riƙe min kafaɗa haka, sai na ji ba na so a saki.) Na ƙara sunkuyar da kai, na bar mota ta ci gaba.

Muka isa ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi. Malam Garba ya ce kada kowa ya shiga wajen Inna tukuna, tun da na ce ba ta da lafiya, a fara addu'a sannan a san yadda za a faɗa mata. Allah ya saka wa dattijon nan, don da an shiga da labarin kai tsaye, ina jin da ranar an yi rasuwar gaske. Maƙwabta suka fara leƙowa. Na zauna a tsakiya na rufe fuska da tafukana, ana ta "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta."

Ban ga fitowar mutumin ba. Daga baya aka ba ni labari cewa wani siriri mai gemu ya fito daga zaurenmu yana sakace, ya ga jama'a, ya tuɓe takalmi ya samu gefen tabarma ya zauna. Abokan aikina ba su san shi ba, maƙwabtan da suka san shi kuma gemun ya ɓatar da su. Ya ɗaga hannu aka yi fatiha da shi, ya shafa. Sannan na ji muryar da zan gane ko a cikin ƙarar inji, tana tambaya a hankali:

"Malam, Allah ya ba da haƙuri. Wa ya rasu?"

Malam Garba ya nuna ni ya ce, "Yayan wannan yaron ne, Habu, da ke karatu a waje."

Muryar ta ce, "Ikon Allah. Ni ne Habun. Yanzu na gama cin dambu."

Ashe tun kafin abin ya yi tsanani aka kwashe su daga birnin, suka yi ta yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan har suka samu jirgi, ya sauka Kano da hantsi ina can gaban inji. Na ɗago kai. Na so na ruga na rungume shi, na kuma so ƙasa ta tsage na shige, sai na sake rufe fuska da tafukana. Ɗan Nijar ɗin nan ya dubi hularsa da ta jiƙe, ya dube ni. Wani daga baya ya fara tari, tarin ya koma dariya, dariyar ta kama tabarmi duka. Inna ta leƙo daga zaure da mara a hannu, aka faɗa mata, ta ce, "Ai na ce akwatin nan sai ya haukata shi. Ku zauna, dambu ya isa kowa."

Da jama'a suka watse Yaya ya zaunar da ni, ya kama hannuna ya ga yadda na rame. Bai yi dariya ba, wannan ya fi yi min ciwo. Ya ce, "Auta, mu da muke can muna cin abinci. Muna wanki, muna musun ƙwallo, har biki mun je. Kai da kake Ɗorayi ka fi mu shan wuyar yaƙin, kuma yunwarka ba ta tare min ko harsashi ɗaya ba." Ya cire batir ya sa a aljihu. Ya kafa min doka: labarai sau ɗaya a rana, bayan an ci abinci, kuma a cikin mutane. In an gama a yi wa waɗanda abin ya shafa addu'a, a kashe, a tashi a nemi abin yi.

A masaƙa kuwa sunana ya koma Mai Gawa. In na ce ana ruwa a waje sai wani ya je ya leƙa.

Shekaru sun tafi. Masaƙar an rufe ta, ciyawa ta cinye inda bas yake tsayawa, mutanen da suka yi min kuka kowa ya koma garinsu. Yaya ya yi koyarwa har ya tsufa, ya rasu a kan gadonsa, hannunsa a nawa. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan nan dai. Daga masaƙa mutum ɗaya ne ya zo, Malam Garba, jikansa na riƙe da shi. Ya lalubo kafaɗata ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Mai Gawa, wannan karon ka tabbata?" Na yi dariya har hawaye suka zubo, amma ranar wuni na yi ina satar kallon ƙofar zaure ko wani zai fito yana sakace.

Yanzu 'ya'yana sun saya min waya mai kawo masifar duniya duka tun kafin na yi alwala. Ina nan a kan dokar Yaya: sau ɗaya, bayan tuwo, cikin mutane. Kuma duk labarin da na ji, ba na ɗora hannu a ka sai na fara zuwa gida na ga waye a zaure.