Farfesan Fotokwafi da Ƙwan Dainoso

Ka taɓa haɗuwa da mutumin da duk iliminsa shafin farko ne? To ga Farfesa, mai injin fotokwafi a bakin kwaleji. Duk takardar da aka kawo masa, kafin inji ya tofo ta ya haddace shafin farko. Da yamma sai ya je shagon mai aski ya juye wa jama'a.

"Abin da ke cikin kan nan," in ji shi yana ƙwanƙwasa goshi, "in aka ɗora shi a sikeli, sai sikelin ya nemi afuwa."

Wata rana ƙanwarsa, malamar kimiyya, ta kawo takarda shafi goma a kan asalin tsuntsaye. Shafin farko ya ce, a binciken masana, tsuntsayen yau jikokin dainoso ne, dabbobin nan na zamanin da. Shekara miliyan sittin da shida da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama ya hallaka manyan, wasu ƙanana masu gashi da fiffike suka tsira. Zuriyarsu ce ta bazu ko'ina, daga jimina mai tsere a fili har masu iyo a tekun ƙanƙara. Layin ƙarshe ya ce wannan shi ne juyin halitta. Nan inji ya cije shafi na biyu. Farfesa ko a jikinsa, ai ya riga ya gane.

"Wato kazar gidanka kakanta dodo ne?" in ji mai aski da yammar ranar, almakashi a hannu.

"Dainoso, jahili. Dodo na tatsuniya ne."

"To yaya aka yi suka cika duniya?"

"Wasu da ƙafa, wasu da fiffike. Lokacin ba a tambayar fasfo. Amma asirin yana cikin kalmar, juyi. Ba ka ga kaza tana juya ƙwanta da baki ba? Ta hannun dama take juya shi, shi ya sa halitta ke ta yin gaba. In ka juya shi hagu, ka sa ta ribas ke nan. Nan da kwana ashirin da ɗaya, in ban nuna muku ɗan dainoso ba, ku daina kirana Farfesa."

Sunan nan kuwa shekara bakwai yana lallaɓa shi. Mai aski ya ce jama'a su shaida, suka shaida.

Da safe ya faki idon matarsa, ya ɗage kazarta mai kwanci, ya kwashe ƙwai goma sha biyu. Ya jera su cikin kwalin takarda a bayan inji, ya rataya musu na goma sha uku, wato ƙwan lantarki. Matar ta yi ta zagin muzurun maƙwabta, shi kuma yana taya ta.

Bayan kwana uku ya tuna dainoso ƙato ne, zafin kaza ba zai ishe shi ba. Ya canja ƙwan lantarki da babba. Huɗu suka dahu. Ya cinye su, wai bincike. Rana ta tara ya ga aikin ba ya sauri, ya riƙa murza su hagu kamar mai kunna famfo, uku suka fashe masa a hannu. Ragowar biyar suka soma wani wari da ya kori ɗalibai zuwa shagon gaba.

"Warin tarihi ne," in ji Farfesa, hanci a toshe. "Abu ya shekara miliyan sittin, ƙamshi kuke so ya yi?"

Ranar cikar wa'adi ya ji motsi a kwali. Ya leƙa ta huda: ga wutsiya, ga ƙafa huɗu, ga kai yana gyaɗawa. Saura kaɗan ya rungume inji. Ya aika a kira kowa.

Shago ya cika har bakin titi. Farfesa ya gyara hula, ya buɗe kwali. Wani ƙadangare da ya shigo shan ɗumi ya ɗago kai ya dubi jama'a.

"Wannan ai na san shi," in ji mai aski. "A katangata yake kwana."

"Yaya," in ji malamar kimiyya, "ka karanta shafi na biyu?"

"Inji ya cije."

"Juyin ba na hannu ba ne. Canji ne a hankali, zuriya bayan zuriya. Kuma ko kada na kogi ya fi ƙadangare kusa da tsuntsu. In dainoso kake son gani, ga ta can a hammatar matarka."

Ashe labari ya kai gida. Matar ta ratso taro da kazarta, ta leƙa kwali, ta saki kazar. Kaza ta cafke wutsiyar ƙadangare, shi ya bar mata ita ya tsere. Ta waiwayo kan Farfesa, ta bi shi da sara sau uku suna zaga inji, har ya haye tebur.

"Sauko, Baban yara," in ji matar a hankali. "Kazata ta fasa kwanci saboda kai. Na samo wasu ƙwai wurin maƙwabciya, kuma ba na son na lantarki kusa da su. Tunda ka iya juyi, bismilla."

Yau kwana biyu ke nan yana zaune gaban inji, kwandon ƙwai a cinya, ya lulluɓe shi da riga, ko atishawa ba ya yi da ƙarfi. Mai aski ya riƙe shi da alkawarinsa, babu mai cewa Farfesa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da kwanci, Uwar Ƙwai."

Don Allah mai karatu, in kana da kaza mai kwanci, ka taimaka ka ara masa. Saura kwana goma sha tara, kuma zakaran unguwa ya fara zagaya shagon.