Ranar da Na Ceci Mai Lafiya

A shekarun hamsin na kama ɗaki a wani gidan haya a Sabon Gari, inda Yarabawa da Ibo da Nufawa da ni ɗan Fagge muke shanya a igiya ɗaya. Na taɓa yin sharar asibiti wata uku, saboda haka rabin likita nake ɗaukar kaina, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Wata Lahadi da hantsi ina wanki, sai ga wani saurayi cikin babbar riga fara fat. Yana isa gaban maƙwabcina Baba Lasisi tela, Bayarabe, sai ya zube rub da ciki, ya miƙe samɓal. Mu a Fagge tsugunawa muke yi mu gaida manya. Wanda ya kwanta haka, ai suma ya yi.

"Ku ba shi iska!" na daka tsawa, na sheƙa masa bokitin ruwan bula.

Saurayin ko motsi bai yi ba, don ba a ce ya tashi ba. Na dubi jama'a na ce, "Kun gani? Ciwon ya yi nisa."

Baba Lasisi ya riƙo hannuna a hankali. "Malam, gaishe ni yake yi, haka muke yi a al'adarmu. Auren 'yata ya zo nema."

Farar rigarsa ta koma shuɗiya, don haka da rigata ta sallah saurayin ya ƙarasa gaisuwar, aka kuwa ba shi yarinyar.

Har yau, in jikokinsu sun zo gaishe ni, daga bakin ƙofa suke leƙowa: "Baba Likita, za mu kwanta. Ka ajiye bokitin?"