Ranar Da Na Yi Wa Filin Wasa Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min sauran tunani, da ranar da na tsaya a gaban surukai na yi wa filin wasa ta'aziyya har da hawaye.

Shekararmu biyu ke nan da gudowa daga Konduga, muna cunkushe a ɗaki biyu a unguwar Bulabulin. Jikana Bukar ya ga yarinya, Falmata, 'yar wani Alhaji da ya gama aikin gwamnati a Legas ya dawo gida. Yarinya na so, uwarta na so, Alhajin ne yake ta jan ƙafa. Ba a faɗi dalili ba, amma mun sani: 'yan gudun hijira ne mu. Na ce a bar ni da shi. (Ni fa a Konduga in na buɗe baki a gidan biki, har masu ganga sai sun saurara.) Na turara lafayata, na ja Yagana uwar Bukar, muka tafi.

Muka same shi a falo da wani amininsa. An gaisa, an kawo shayi, ina gyara murya, sai idona ya faɗa kan wasu manyan hotuna biyu na kalanda a bango. Kowanne ƙasa ce shimfiɗe a bakin wani ruwa marar iyaka. Babu gida, babu bishiya, ko akuya babu. Sai ramuka zagaye-zagaye, cikinsu farin yashi, can gefe kuma an kafa 'yar tuta. Irin ramukan nan na tsallaka su da ƙafata ranar da muka gudo, tuta kuwa kowa ya san masu kafa ta in sun ci gari.

Na ce, "Alhaji, ka san wurin nan?"

Ya ce, "Sosai, Hajiya. Babu inda ban taka ba a cikinsa."

Na yi salati. Ashe shi ma abin ya shafe shi. Da na tsaya nan da sauƙi, amma ina. Na miƙe na je jikin hoton ina nuni da yatsa. "Wannan babban, bam ne jirgi ya sako, dubi bakinsa. Waɗannan ƙananan ukun na bam ɗin binnewa ne. Ko katanga ɗaya ba su bari ba." Yagana na ta jan bakin lafayata, na make hannunta. Na juya na ɗaga hannuwa, na roƙa wa mutanen garin rahama, mazansu da matansu, har jarirai. Wa zai ƙi addu'a? Alhaji da amininsa suka ɗaga hannu suna amin. Muka shafa.

Can aminin ya ce a hankali, "Hajiya, ai ba wanda ya mutu. Filin wasa ne a ƙasar Turawa, golf ake ce masa. Ramukan da gangan aka haƙa."

Na ce, "Da gangan?"

Don su rufa min asiri, sai suka kama gardama a kaina. Alhaji ya ce filin hoton dama ya fi, don ramukansa zurfi gare su, in ƙwallonka ya faɗa sai ka yi ta duka da sanda kana cin yashi. Aminin ya ce sam, na hagu ne fili, ƙasarsa tauri, ƙwallo na gudu a kai, ga iskar teku tana kwashe shi ta jefa cikin doguwar ciyawa. Wato wanda ya fi ba da wahala shi ne mai kyau. Kuma wai kullum ana aske ciyawar, ba a shuka komai, ba a kiwo. Ƙasa a bakin ruwa. Ina tsaye baki buɗe, ban san wanne ya fi kaɗa ni ba, kunyata ko hankalin Turawa.

Maganar aure ko kalma ɗaya ban yi ba. Na ja takalmina, a raina na ce na kashe wa Bukar aure.

A bakin ƙofa Alhaji ya biyo mu, ya rage murya. "Hajiya, da gaske haka ramukan suke a wajenku?"

Na ce, "Haka suke. Namu dai ba a zuba musu farin yashi."

Ya koma ciki. Bayan kwana tara ya aiko a turo manya.

An yi biki, Falmata har ta haihu biyu. Amma matan gidan Alhaji har yau in na shiga sai wata ta ce, "A sauke kalanda, ga Kaka nan." Ni kuwa na ɗauki darasi: yanzu ko mutum aka nuna min kwance cikin likkafani, sai na tambaya ko wasan Turawa ne kafin in ɗaga hannu.